Baba Issahaku da Takardun da Iska Ta Watsa

A Alperton, wata unguwa a Landan, akwai wata ƙaramar gada wadda ruwa ne ke bi ta kanta, ba mota ba. Tsohuwar hanyar jiragen ruwa da aka haƙa tun zamanin da ce ta zo ta haye rafin Brent. Ruwan da ke bisa gadar kwance yake, kore shar, ba ya motsi. Na ƙarƙashinta kuwa gudu yake.

Baba Issahaku ne ya nuna min wurin. Mutumin zangon Kumasi ne, ya shigo Landan a 1982 da bizar ziyara, bizar ta ƙare shi bai koma ba. Wanke-wanke yake yi a wani gidan abinci. Matarsa Amamata tana da izinin zama, amma aurensu na masallaci ne, tsoro kuma ya hana shi zuwa neman gyaran takardunsa. 'Yarsu Hamdatu a nan aka haife ta. Ni ɗaki na kama a flat ɗinsu lokacin da nake karatun digiri.

Duk rayuwarsa a kan abu guda ya tsara ta: kada hukuma ta san da shi. Ba ya ɗaga murya a bas. Haƙori ya hana shi barci wata da watanni, da kanumfari ya yi ta fama. In ya hango ɗan sanda sai ya shige kanti ya tsaya kallon kayan da ba zai saya ba.

Yana da wani aiki da ba wanda ya sa shi. Takardar da ke da sunan Allah ba a jefa ta a shara, a nan kuwa ba filin binnewa, ƙonawa a gidan council, gidan haya na hukuma, neman magana ne. Sai mutane suka riƙa kawo masa tsofaffin kalandu, da yagaggun izu na yara, da jadawalin azumi. Ran Lahadi ya gangara ƙarƙashin gadar, ya saka su cikin rafin kaɗan-kaɗan.

Na taɓa ce masa, “Baba, ga ruwa nan a bakin hanya, me ya kai ka gangara?”

Ya ce, “Malam mai digiri, wannan ruwa ne? Tun da na zo ƙasar nan yake kwance kamar ba shi da aikin yi. Mai tafiya ake ba saƙo.”

Bayan ƙaramar sallar 1993, ban daɗe da gama jarrabawa ba, na raka shi. Jakar takardun ta cika fam, gwiwarsa kuma ta kumbura, gangarar ta gagare shi. Na ce ya kawo in sauka, ya ce wanda bai saba ba santsi zai ɗebe shi, bari ya saki daga sama. Yana buɗe jakar iska ta shige ta. Takardu suka watsu a kan hanya, wasu cikin ciyawa, wasu suka kwanta a kan koren ruwan.

Wata mata mai yawo da kare ta tsaya tana faɗa, wai muna zubar da shara, za ta kira 'yan sanda. Ta nufi titi da sauri.

Na ce, “Baba, mu tafi. Don Allah mu tafi.”

Ya ce, “Ka ga inda karen nan ya taka?”

“Baba, Hamdatu fa?”

Ya dube ni, ya san abin da nake nufi sarai. Sai ya karyo reshe, ya durƙusa a kan gwiwar nan mai ciwo, ya fara janyo na cikin ruwa ɗaya bayan ɗaya. Na tsuguna ina tsince na cikin ciyawa.

'Yan sandan ba su zo da zafi ba. Na yi musu bayani, ɗayansu har ya miƙo wata takarda da ta maƙale a wayar shinge. Sannan ya tambayi sunan Baba da inda yake zama. Baba bai iya ƙarya ba. Suka yi magana ta rediyo, aka gano ba shi da izinin zama, suka buɗe masa mota. Ya ba ni jakar tana ɗigar ruwa, ya ce, “Ka gaya wa Amamata kada ta jira ni da abinci.”

Lauya ya yi iya ƙoƙarinsa. Kafin babbar salla aka sa shi a jirgin Accra.

Har yanzu ina ɗakin. In na ji jiniya gabana faɗuwa yake, ko da takarduna suna aljihu. Baba yakan bugo waya daga shagon wani ɗan'uwansa a Kumasi. Hamdatu ta ɗauka, yana yi mata Hausa tana amsawa da Turanci, tana tambayar yaushe zai dawo. Shi kuma sai ya ce layin ba kyau, ta ba mamarta.