Baba Luka da Turbon Motar Marayu

Da sanyin safiya, tun masu ƙosai ba su ɗora kasko ba, Baba Luka ya riga ya share gaban garejinsa da ke bayan tashar Dogon Dutsi. Katanga ɗaya ce ta raba gidana da wurin, saboda haka ba labari aka ba ni ba. Zai yayyafa ruwa, ya jera sifanu a kan tsohon buhu, ya yi 'yar addu'arsa ta Kirista a tsaye, sa'an nan ya leƙo ta saman katanga ya tambaye ni ko na tashi lafiya, alhali ya san gudumarsa ce ta tashe ni. Shekara da shekaru ina yi masa barazanar zuwa wajen mai unguwa. Ban je ba, ga shi yau na kawo shi gaban masu karatu.

Aikinsa gyaran a-kori-kura ne masu shan gazuwal, wato man dizal, waɗanda mu nan muke kira bashe. Su ke kai mutane da kaya Dogon Kiriya, su ke ratsa rairayin Lugu, su ke kwaso waken Dumega. Da yawansu tsofaffi ne da aka ɗora wa turbo don su iya da lodin da muke jibga musu, mu da ba mu san mota ta cika ba sai ta durƙusa. Ga wanda bai sani ba, turbo wata 'yar na'ura ce mai kama da katantanwa. Hayaƙin inji ke juya ta, ita kuma ta riƙa cusa masa iska, a ƙara mai, ƙarfi ya ƙaru. Kamar zugazugin maƙeri take: zuga daidai ƙarfe ya yi ja, ka matsa ya narke. A jikinta akwai wani ɗan noti, kana juya shi iskar za ta hau, kuma da ma'aunin da ake kira bar ake gane inda ta kai.

A kan notin nan Baba Luka ya kafa dokarsa. Injin da ya zo da turbonsa daga masana'anta, bar ɗaya, ya tsaya. Wanda aka ɗora wa daga baya, rabin bar da ɗan ɗoriya, ko da kai ne ka haifi Baba Luka. Mai kuwa ba ya buɗe shi har mota ta yi baƙin hayaƙi. Direbobinmu suna cewa hayaƙi alamar ƙarfi ne, shi yana cewa alamar zazzaɓi ne. Kuma ba ya saita turbo a inuwar gareji. Sai rana ta take, a loda wa motar buhunan yashi, ya ɗaura agogon auna iska, ya sa direban a gefensa, su nufi tudun rairayin da ke bayan gari. Ya ce motar Arewa ba da safe take mutuwa ba, kuma ba babu kaya take mutuwa ba, don haka a gwada ta inda ajalinta yake.

Kai ne, Baba Luka, wanda ake yi wa daɗin baki ya saurara har ƙarshe, ya yi murmushi, ya ce a'a. Kafaffen turke, ja ya gaji ya bar ka.

Kakar bara aka gwada shi. Wani sabon makanike ya sauka a tasha, ba zan kama sunansa ba, yana buɗe turbo har bar ɗaya da rabi ga duk wanda ya nema. Motoci suka fara fito kamar shaho, suna haye tudu ba tare da an sauke kowa ba, suna yin sahu biyu inda da ɗaya ake yi. Lokacin kwasar wake ne, lokacin da mai mota ke tara abin da zai ci har damina. Wa zai ga laifin direba in idonsa ya rufe?

A cikin masu zuwa wajen Baba Luka akwai motar Mubarika. Mijinta Abdurrahman ya rasu ya bar mata yara da wannan bashe ɗaya tak. Ba gona mai kirki, ba shago. Abin da motar ta samo shi ake ɗorawa a murhu. Ƙanen marigayin, Abdussalamu, shi ke tuƙa ta. Yaro ne mai addini da zafin nema, ba mugu ba, sai dai gaggawa ta yi masa yawa. Ina zaune a ƙofar gidana ya iso.

"Baba, buɗe mini ita," in ji Abdussalamu. "Kowa na haye tudun ga kamat tsuntsu, ni sai na sabkad da mata su tura. Dariya a kai mini cikin tasha."

Baba Luka ya ce, "Injin ga ba a haihe shi da turbo ba. Ni nis sa mishi da hannuna, gaban yayanka. In na ƙara, ko kanshi shi tsage ko histon shi narke. Ba ni yi."

"To wallahi sandika duk barin ka za ta yi, Baba."

Sandika ita ce ƙungiyar direbobin tasha, kuma su ne cinikin Baba Luka gaba ɗaya. Ya goge hannu, ya dubi yaron.

"Su bar ni. Garejin ga nawa na, in ya mutu ni yam mutu ma. Motag ga ko ba tawa ta ba, ba taka ta ba. Ta marayu ta."

Ya san Abdussalamu zai zarce wajen sabon makanike, don haka bai tsaya ba. Ya rufe gareji da rana tsaka ya tafi gidan Mubarika, ya yi sallama, ya tsaya daga zaure. Ita ta ba ni labarin da bakinta. Ta ce ya zayyana mata komai, har da abin da ba ya goyon bayansa: cewa in an bar turbo yadda yake, samunta zai ragu bana, kuma wasu za su wuce ta.

Ta ce masa, "Baba Luka, hwaɗa mini gaskiya. In an buɗe, mutuwa za ta yi?"

Ya ce, "Ɗiyata, ban san rana ba. Wata na kai shekara, wata ba ta kai azumi. Abin da nis sani, in tam mutu ba ki da ta biyu."

Mubarika ta ce a bar ta inda ya ajiye ta. Da Abdussalamu ya ji, ya ajiye makulli a kan tabarma ya tafi tuƙa motar wani. Sauran direbobi ba mai son mota mai tafiyar hawainiya. Ga kaka tana wucewa, ga mota a tsaye a ƙofar gida, ga yara. Maganar Baba Luka ce ta jawo wannan, kuma bai yi kamar bai sani ba.

Washegari na gan shi da makullin a hannu. Matarsa Elizabet ta biyo shi har bakin hanya tana faɗa: "Tsoho da kai, da bayan ga naka mai ciwo, za ka shiga rairayin Dogon Kiriya?" Ya ce mata gareji ai ba kowa, zaman me zai yi. Gaskiya ya faɗa, sandika ta cika alkawarinta. Na yi kewar gudumar da nake zagi, wallahi na yi kewarta.

Kakar nan duka shi ya tuƙa. Sahura, mai kai ƙuliƙuli kasuwanni, ta ce ba ta taɓa shiga motar da aka yi wa ba'a irin wannan ba. Matasa su wuce su da fito da baƙin hayaƙi, suna ihu, "Kunkuru, a gaida gida!" Shi ko ya ɗaga musu hannu. In an zo tudu ya roƙi maza su sauka, mata da tsofaffi su zauna. In lokacin salla ya yi ya tsaya da kansa, kafin fasinja su tuna masa, ya bar injin yana numfashi a hankali don turbo ta huce. Ran Lahadi kuwa sai an taso daga majami'a. Abin da motar ta samo, da yamma yana hannun Mubarika.

Ba zan ce duk motocin da aka buɗe sun mutu ba, don ƙarya ba ta kamaci jinjina ba. Wasu suna nan suna fito har gobe, masu su na cika baki. Amma da bazara ta kama, rana ta fara dukan ƙarfe, an ga ana jawo wasu da igiya. Cikinsu har da wadda Abdussalamu ya koma tuƙawa, kan injinta ya tsage a tsakiyar daji da lodin wake. Abdussalamu da kansa ya gaya mini cewa a ranar ba asarar mai motar ya fara tunawa ba, 'ya'yan yayansa ya tuna. Ya je ya ba Mubarika haƙuri, ta ce ya je wajen wanda ya riƙe makullin. Baba Luka ya miƙa masa makullin.

Sai dai rairayi ya karɓi nasa. Bayan nan nasa mai ciwo, wanda Elizabet ta yi magana a kai, bai sake miƙewa daidai ba. Likita ya ce sunkuyo a kan inji ya ƙare. Watan nan Baba Luka ya bar wa ɗansa garejin, yana zama a kan benci da sanda a gefe, yana nuni da baki.

Makanikan Arewa, ga misali a gabanku. Mai mota zai roƙe ku, zai zage ku, zai tafi wajen wani. Ku bar shi ya tafi, kada hannunku ya juya notin da kuka san ya kai iyaka. Direbobi, in tsoho ya ce muku ya isa, ku tambayi kanku bakin mutum nawa ke jiran injin nan.

Kai kuma, maƙwabcina, mun gode. Allah ya ba ka lafiya, ya saka maka da abin da ba mu iya ba ka. Jiya na ga 'ya'yan Mubarika sun fito da tuwo a hannu, suna jiran motarsu ta dawo daga kasuwa. Ta dawo da ƙafarta, Baba Luka. Kai ne ba ka iya tashi ka tarye ta ba.