Zdenka da Koren Ruwan Podvrilo

Duk mai sammako a hanyar da ke hawa tudu daga kasuwa ya san motar Zdenka Radman, wata tsohuwar farar mota da ƙofar bayanta ba ta rufuwa sai da igiya. A ciki akwai takalman roba, da shebur, da jarkokin ruwa, da gurasa da cuku a ƙunshe cikin tsumma. Takan tsaya a shagon gahawa ta kurɓi kofi ɗaya a tsaye, ta ce wa mai shagon ta yau ta fi ta jiya muni, shi kuma ya ce ai saboda ita yake ɓatawa. Daga nan sai ta kama hanyar fili.

Aikinta ba shi da wuyar faɗi. In aka so yanka fili fuloti-fuloti a gina unguwa, ba a kafa ko turke ɗaya sai Zdenka ta je ta amsa tambaya uku. Ƙasar za ta ɗauki gida? Ina mutane za su sami ruwan sha? In sun yi wanka, sun zaga, ina ƙazantar za ta nufa? Ta farko da ta biyu kowa na son ji. Ta ukun ce ba a son a tayar da ita, ita kuwa ta shekara talatin da wani abu tana tayar da ita a gaban manya da ƙanana. Za ta sa a haƙa rami, ta shiga da kanta, ta murje ƙasa tsakanin yatsu, ta shinshina, sannan a tuttula ruwa ta zauna a bakin ramin tana kallon yadda yake sauka. Masu filaye suka laƙaba mata suna Goggo A'a, alhali filayen da ta amince da su sun fi waɗanda ta hana yawa nesa ba kusa ba.

A watan nan ta yi ritaya. Ni ɗan ƙauyen Podvrilo ne, ruwan marmaronmu na sha na girma, kuma raina ba zai kwanta ba in matar nan ta koma gida shiru ba a faɗi abin da ta yi mana ba.

Mu mutanen yankin nan muna da wata ɗabi'a, kuma kada wani ya ce bai san ta ba. Ƙasarmu dutse ne mai ramuka da tsage-tsage, ƙasar noma 'yar kaɗan ce a kansa. In birkila ya gina sokawe ya shafe shi tas da siminti, mai duba gini ya zo ya gani ya tafi, sai maigida ya miƙa wa birkila doguwar sandar ƙarfe ya ce, "Ɗan buɗe masa gindi." A fasa, shi ke nan, ramin ba zai cika ba har zamanin jikoki. Har alfahari muke yi da abin a wurin hira: "Nawa tun bikin ƙanwata ba a taɓa kwashe shi ba." Ba wanda ke tambayar inda yake tafiya. Da yake gidajen a warwatse suke, ɗaya nan ɗaya can, dutsen ya daɗe yana rufa mana asiri.

A ƙauyen Gradina, mahaifar Zdenka, can saman tudun da ke kanmu, akwai dattijo Stipan Matas. Shi ne kum ɗin Zdenka, wato shi ya riƙe ta a coci ranar da aka yi mata baftisma. A wurinmu ana iya faɗa da ɗan'uwa na jini a kan iyakar gona, amma kum ba a ɗaga masa murya, ba a ce masa a'a. Na Zdenka ma ya wuce nan. Mahaifinta ya rasu tana ƙarama, Stipan ne ya tsaya musu. Shi ya ɗauke ta a tarakta ya kai ta tashar jirgin ƙasa ranar da za ta tafi jami'a, shi ya kama hannunta ya shiga da ita coci ranar aurenta.

'Ya'yan Stipan maza biyu suna aiki a Jamus, kamar rabin samarin Gradina. An rufe makarantar ƙauyen don babu yara. Sai dattijon ya yanke shawara: makiyayar tumakinsa da ke kan tudu, mai faɗi da iska mai daɗi, zai ba da ita a yanka fuloti, duk ɗan Gradina da ke waje ya zo ya gina ya dawo gida. Ba neman riba yake yi ba, kowa ya shaida wannan. Samari suka amsa, babban ɗansa Nediljko ya ce shi zai fara sa harsashi, fadan coci ya zo ya sa wa filin albarka. Sa hannun Zdenka kaɗai ya rage, kuma wannan ai kowa ya ɗauka na gida ne.

Jozo mai motar haƙa yana wurin ranar gwajin, shi ya ba ni labari. Ƙasa dai za ta ɗauki gida, dutse ne zalla. Ruwan sha ma ta gano inda za a jawo shi. Da aka zo ta uku, Jozo ya haƙa rami, aka kawo tanka guda aka sake masa ruwa. Kafin direban tankar ya naɗe tiyo, ramin ya bushe ƙaf, sai wani gurnani da ake ji yana nisa cikin dutse.

Stipan ya tafa hannu. "Kin gani, 'yata? Ko tafki aka juye mata sai ta shanye! Yaran nan ba za su taɓa kiran mai kwashe masai ba."

Jozo ya ce bai taɓa ganin fuskar mutum ta sauya haka ba. Ta durƙusa tana leƙen tsagar da ke gindin ramin, ta daɗe, sannan ta ce, "Kum, ina ya tafi?"

"Ƙasa mana. Me ya dame ki da inda ya tafi? Ya tafi, mun huta."

Washegari ta sauko Podvrilo. Marmaronmu daga ƙarƙashin dutsen nan yake ɓuɓɓugowa, shi gidajenmu ke sha, shi makaranta ke sha, shi ɗakin shan magani ke amfani da shi. Ta bi gida-gida tana cewa a ɗebi ruwan 'yan kwanaki a ajiye, za ta zuba rini a can sama, in an ga launi kada a tsorata, ba ya cutarwa. Tsohuwa Manda ta ce mata, "Ke Zdenka, daga Gradina zuwa nan jaki ma sai ya huta a hanya. Rinin naki ƙafa gare shi?"

"Allah ya sa ke ce da gaskiya, Baba," in ji Zdenka. "Wallahi abin da nake roƙo ke nan."

Da za ta zuba rinin, sai da ta je ta kira Stipan. Ta ce, "Zo ka tsaya kusa da ni, kum, kada gobe wani ya ce maka a ɓoye na yi." Ya tsaya yana dariya, yana zolayarta wai karatun jami'a ya ƙare a rini. Aka yi ruwan sama. Bayan kwana biyu Manda na wanke kabeji a bakin marmaro sai ta ga ruwan da ke bin hannunta ya koma kore shar. Ihun da ta yi ne ya fito da mu. Muka tsaya cirko-cirko, manya da yara. Ruwan da muka ɗauka daga cikin tsarkin dutse yake fitowa, ashe ta ƙarƙashin makiyayar Stipan yake biyowa.

Wani a matsayinta da sai ya koma ofis ya aika da amsa ta hannun masinja. Ita da ƙafarta ta hau Gradina. Matar Stipan, Inna Luca, ta kawo gahawa a baranda, kuma daga bakin Luca muka ji yadda aka yi.

"Kum, ba zan sa hannu ba. Gida ɗaya ko biyu dutse na iya ɓoyewa. Unguwa guda ba zai ɓoye ba. Abin da aka zubar a nan ran Lahadi, yaran Podvrilo za su sha shi kafin tsakiyar mako."

"To a shafe ramukan da siminti, a rufe gindinsu. Na yi miki alkawari."

"Kai za ka cika, na sani. Sauran fa? Ni da kai mun san abin da ake yi da sandar ƙarfe in mai duba gini ya juya baya. Na gidan nan ma, a rufe yake?"

Dattijon ya kalle ta. "Ni kike yi wa wannan tambayar? A gidana? Da hannun nan na riƙe ki kina tsala kuka."

"Ban manta ba, kum."

"Tunda kika zo duniya ban taɓa roƙonki komai ba. 'Ya'yana nake so su dawo in gan su kafin in mutu."

"A ja bututu daga nan zuwa kwari, a gina wurin tace ƙazanta. Ranar da aka gama, ni zan fara sa hannu."

"Shekara nawa ke nan?"

Nan ne da ta so da ta yi masa 'yar ƙarya mai sanyaya rai. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ban sani ba. Da yawa."

Stipan ya tashi, ya ɗauki kofinta da ko kurɓa ba ta yi ba, ya watsar da gahawar a tsakar gida. Ya ce, "Luca, raka baƙuwar nan."

Zdenka, ke ce kika sauko tudun nan ranar kina tuƙi kina kuka, har kika tsaya a gefen hanya don ba kya ganin gabanki. Ke ce mutanen ƙauyenku suka daina amsa gaisuwarki, suka ce 'yan Podvrilo sun saye ki, mu kuwa ko kwandon ɓaure ba mu kai miki ba. Aka kira ki ofis aka ce ki sake dubawa, ƙila kin yi kuskure. Kika ce a zo a sake zuba rinin a gaban kowa, ba wanda ya zo. Mai bin sawun ruwa, ba ki taɓa zagin wanda ya zage ki ba, don kin san abin da ke ci musu rai ba mugunta ba ne, kewar 'ya'yansu ce.

Kuma ba ta tsaya a kan a'a ba. Bututun nan da ta ambata ba aikin ofishinta ba ne, amma ta ɗauke shi a kai. A ranakun hutunta ta bi gangaren da ƙafa tana neman inda zai bi ba tare da an fasa rabin dutsen ba. Ita ta gano wani lungu a kwari mai yumɓu, inda ruwa ba ya zurarewa, aka yi tafkunan tacewa a wurin aka dasa musu kyauro. Ta zauna a bencin ofisoshin babban birni har masu gadi suka san irin cukun da take ci. Gashinta baƙi ne da ta fara, da furfura ta ga an binne bututun ƙarshe.

Amma kada mu yi wa kanmu ƙarya, jinkirin ya ci wa Stipan abin da ba ya dawowa. Nediljko ya gaji da jira ya sayi gida a can, 'ya'yansa yanzu ko harshenmu ba sa ji sosai. Inna Luca ta rasu ba ta ga jika yana wasa a ƙofar gidanta ba. Ƙaramin ɗan, Mirko, shi ya dawo da matarsa Dubravka, da wasu 'yan iyalai. An gina unguwar, tana da kyau, sai dai ba ta kai rabin yadda dattijon ya yi mafarki ba. Zdenka ba ta taɓa musun wannan ba. In aka ce mata ai ta yi daidai, sai ta ce, "Na yi daidai, shi ma kuma bai yi ƙarya ba."

Mu kuwa a Podvrilo ba abin da ya faru. Ba yaron da ya kwanta da gudawa, ba a rufe makaranta ba, ba a kawo mana ruwa a tanka ba. Shi ya sa muka manta da godiya, don mutum ba ya tuna ciwon da bai yi ba. Abin kunya ne, kuma namu ne gaba ɗaya.

Ranar walimar ritayarta an gasa rago, an yi jawabai, abokan aikinta sun ba ta kujerar hutawa, Jozo ya ce kyautar banza ce, wannan matar ba ta iya zama ba. Ana tsakiyar ci sai ta miƙe ta ce a yi mata afuwa, tana da aike. Na bi ta har mota, na ga tukunya a kujerar gaba an naɗe ta da tawul. Dubravka ce ta faɗa mini sauran. Stipan na nan da rai, ya haura tamanin da yawa, ba ya iya fita. Tun rasuwar Luca, duk mako Zdenka na dafa miyar wake irin wadda yake so ta kai Gradina. Ba ta shiga. A bakin ƙofa take miƙa wa Dubravka, ita kuma ta ce wa tsohon wata maƙwabciya ce ta aiko.

Na ce, "Bai gane ba?"

Dubravka ta yi murmushi, idonta ya ciko. "Haba, miyar Luca ce fa, Luca ce ta koya mata. Yana shanyewa tas. Wani lokaci yakan ce in faɗa wa maƙwabciyar gishiri ya yi kaɗan. Amma sunanta bai taɓa fitowa daga bakinsa ba."

Ku matasan da za ku gaje ta, ku shiga ramin da kanku, ku tambayi inda ruwa ya tafi ko da kowa na tafi da murna. Ku kuma sani wata rana mai filin ba baƙo zai kasance ba, naku ne, wanda ya goya ku. Ranar ce za a san ko kun koyi aikin nan a wurinta. Mu sauran jama'a, mu ajiye sandar ƙarfen nan haka nan, ya isa.

Zdenka, 'yar Gradina, uwar marmaron Podvrilo, Allah ya ba ki lafiya da tsawon rai, ya sanyaya zuciyar tsohon nan tun kuna da sauran lokaci. Ba mu da abin da za mu biya ki da shi. 'Ya'yanmu sun sha ruwa mai tsabta, ke kuma kin rasa uba a karo na biyu. Mun sani yanzu, kuma mun gode.