Igiyoyin da Nives Ta Ɗaura

Ranar Asabar ce, ta farko a watan Oktoba. Ermanno Cappelli ya sha bin ranar nan a zuciyarsa tun daga wayewar gari, ko zai tarar da wata alama da ta gifta bai lura ba. Bai taɓa samu ba.

Da sassafe 'yarsa Nives ta turo ƙofa da burodi a hammata. Tana da ɗakinta na haya can ƙasan gari, kusa da ƙofar ganuwa, amma kofin safe a gidan iyayenta take sha, wai na uwarta Graziella ya fi ɗaci. A tsaye ta sha.

"Zauna mana, sai ka ce wadda aka koro," in ji uwar.

"Mama, in na zauna wa zai kai Jamusawa sama? Kowa da sanda biyu a hannu, ka rantse dutsen ƙanƙara za su hau."

Aikinta ke nan, shekara goma sha ɗaya. Ta karanta tarihin zane-zane a jami'a, ta sami aiki a Milano, ta yi hunturu ɗaya ta kwaso kayanta ta dawo Montepulciano. Da aka tambaye ta dalili sai ta ce garin can shimfiɗe yake, ƙafarta ta kasa gane inda take. Tun daga nan take karɓar baƙi a ƙofar gari, ta ɗaga wata lema ruwan ɗorawa don kada su ɓace mata, ta ja su hawa har dandalin da ke can ƙoli. Ta san inda numfashinsu ke ƙarewa, a daidai nan kuwa take tsayawa ta ƙirƙiro abin nunawa, ko da tagar wani ce, don kada tsofaffin cikinsu su ji kunyar neman hutu.

Da hantsi Ermanno ya fita sayen jarida ya hango lemar a gaban hasumiyar da mutum-mutumi ke buga ƙararrawa. Ya so ya zame ta lungu, ta riga ta gan shi.

"Jama'a, ga wani tsohon abin tarihi nan yana wucewa," ta ce da baƙin, tana nuna shi da lema. "Malamin lissafi ne, ya kayar da rabin garin nan a jarrabawa. Ba a taɓawa, amma an yarda a ɗauki hoto."

Suka ɗauka kuwa. Ya ɗaga musu hula ya wuce yana ƙunƙuni.

Da rana suka ci taliyar hannu da miyar tafarnuwa. Nives ta yi ƙari. Ta yi gardama da uwarta a kan wani likitan haƙori da uwar ke ganin ya dace da ita. "Mama, mutumin da ke kallon bakina in ina magana, ba ni yake saurare ba, aiki yake nema."

Bayan sun ɗan kishingiɗa sai ga Tullio, maƙwabcinsu mai gonar inabi, da 'yar motarsa mai ƙafa uku cike da akwatuna. Farin inabi ne, wanda aka tsinko da hannu nono-nono. Suka yi ta jidarsa zuwa ɗakin da ke ƙarƙashin rufi, Tullio na tsokanar Ermanno a kowane bene.

"Farfesa, akwati ɗaya tal? Ai ko alli ya fi wannan nauyi."

"Ni na ƙirga, kai ka ɗauka. Kowa da baiwarsa."

A ɗakin nan akwai wata gangar giya, 'yar ƙarama ta itace, bakinta liƙe da siminti. A zamanin mahaifin Ermanno sun kai takwas, yanzu ita kaɗai ta rage. A cikinta ake yin giyar zaƙi da suke kira vin santo. Ana rataye inabi ya sha iska har kusan Kirsimeti, ya motse, a matse ɗan ruwan da ya saura, a buɗe gangar a tsiyaye tsohuwar giya, a zuba sabon ruwan a ranar, a sake liƙewa sai bayan shekara biyar. Amma ba a wanke gangar. A gindinta akwai wata baƙar laka mai kauri da ake kira uwa, ita ke tayar da sabon ruwan ya zama abin da zai zama. Wannan uwa ta gidan Cappelli ta girmi duk wanda ke raye a gidan. Kakar Nives, tsohuwa Armida, da ita ta zo gidan miji a cikin tulu.

Ermanno bai taɓa damuwa da uwar gangar ba. Laka yake ce mata. Warin ɗakin ma ciwon kai yake sa masa. Sai abin ya tsallake shi ya faɗa kan 'yarsa, wadda tun tana 'yar mitsitsiya take bin kakarta sama tana miƙa mata igiya. Da tsohuwar ta rasu, ba wanda ya tambayi wa zai gaji gangar.

Yammacin nan Nives ta hau tsani, uban yana miƙa mata inabi, tana ɗaure nono bibbiyu a igiya ɗaya tana sagalawa a ƙusoshin azara. Ɗaurinta daban yake da na kowa, zagaye biyu sannan ta bar ɗan kunne a gefen hagu, don bahaguwa ce. Tana yi tana rera wata waƙa ba daidai ba. Da suka gama, rufin ɗakin ya cika fal, hasken taga na ratsa 'ya'yan inabin. Ta sauko ta durƙusa ta ƙwanƙwasa cikin gangar da bayan yatsa, tun daga sama har ƙasa.

"Baba, ji nan. Ka ji yadda take amsawa? Ta ja baya sosai, zafin bana ya shanye ta. Ba za ta kai wata bazara ba. Bana ko a ba ta ta sha, ko ta bushe."

"Laka ce za ta ji ƙishi?"

"Lakar da ta fi ka shekaru. Ka gaishe ta."

Ta ci abincin yamma da su, ta tafi tun da sauran haske, ta mance rigar sanyinta a bayan kujera. Uwar ta leƙa taga ta ƙwala mata kira. Ta ɗago hannu ba ta juyo ba, ta ce gobe.

Washegari, a tsakiyar hawan nan, a daidai wurin da take tsayar da baƙi su huta, ta ce kanta na sara mata. Ta ba wata mata riƙon lemar, ta zauna a dakalin wani gida. Ba ta ƙara tashi ba. Likita ya ce wata jijiya ce a ka, da rauninta aka haife ta, ba abin da wani zai iya gani. Shekararta talatin da shida.

Ermanno ya yi duk abin da ake yi. Ya karɓi gaisuwa, ya sa hannu inda aka ce ya sa. Sannan ya kulle ɗakin sama ya jefa makullin a aljihu. Kullum bayan abincin rana sai ya hau ya zauna a kan akwati yana kallon rufi. Warin ya daina damunsa. Inabin ya tashi daga kore ya koma ruwan zuma, ya fara yamushewa, kuma a saman kowane biyu ga ɗan kunnen igiya nan a hagu, yadda yatsunta suka bar shi. A duk gidan, nan ne kawai ba wanda ya taɓa bayanta.

Tsakiyar Disamba Tullio ya zo da almakashi a aljihun gaba.

"Farfesa, lokaci ya yi. Na wanke abin matsa."

"A bar shi tukuna."

"A bar shi har yaushe? Inabi ba ya jiran kowa."

"Na ce a bar shi."

Tullio ya juya hularsa a hannu ya sauka. Ya dawo bayan Kirsimeti, ya sake komawa da amsa iri ɗaya. Ranar da ya zo na uku, sabuwar shekara ta riga ta kama, bai tsaya gaisuwa ba.

"Ermanno, tare muka yi wasan ƙasa, don haka zan faɗa maka. Daga titi nake jin warin ruɓa. Inabin gefen taga ya fara furfura. In ka ƙara mako biyu ba ka da abin matsa, gangar kuma ka ji abin da yarinyar ta ce da bakinta, ina wurin. Ka zaɓa, igiya ko uwa."

"Ba za a sa almakashi a ɗaurinta ba."

Graziella tana bakin murhu, ta ba su baya. Tun ranar jana'iza ba ta taka ɗakin sama ba. Ta goge hannu a zaninta na girki, ta miƙo wa mijin tafi.

"Ba ni makullin. Ni ma na haife ta."

Suka bi ta sama. Ta daɗe a tsaye a tsakar ɗakin, kanta a ɗage. Sannan ta hau tsani ta tallabi nono ɗaya daga ƙasa, kamar mai gwada nauyinsa, sai ga shi ya zame ya faɗo mata a hannu. Wata uku na iska sun tsotse karan har ya zama siriri, madaukin ya yi masa yawa. Igiyar ta tsaya tana lilo, ɗaurin na nan yadda yake.

Tullio ya mayar da almakashinsa aljihu.

Haka suka sauke shi, ɗaya bayan ɗaya, aikin da almakashi zai gama kafin hantsi ya cinye musu yini. Jinkirin ya riga ya yi ɓarnarsa, wajen kashi ɗaya cikin uku ya lalace aka zubar. Ruwan da aka samu bai kai yadda ake bukata ba, sai Tullio ya je gida ya kawo ragowar nasa.

"Za ta gane ba namu ba ne?" in ji Ermanno.

"Au, Farfesa, yanzu kuma laka ta san mutane? Za ta gane. Amma mai ƙishi ba ya zaɓe."

Saura simintin bakin ganga. Duk wanda ya liƙe yakan rubuta harafin sunansa da yatsa tun simintin na ɗanye, kuma na Nives na nan a kai, da ɗan gurbin farcenta a ƙarshen layin. Wannan kam ba dabarar da za ta tsirar da shi. Tullio ya ɗauki guduma, Ermanno ya karɓe ta daga hannunsa ya buga da kansa. Ya fashe gida uku.

Giyar da ta fito ba ta da yawa, launinta kamar na dabino. A gindin gangar uwar na kwance, baƙa, tana da sauran danshi. Suka zuba sabon ruwan, Tullio ya kwaɓa siminti ya liƙe, ya ja gefe. Ermanno ya dubi matarsa, ta girgiza kai. Shi ya sa yatsa ya rubuta nasa harafin, yana da shekara sittin da tara, karo na farko.

Ba a san ko uwar ta kama ba sai da sanyi ya wuce. Wata rana a watan Afrilu ya kara kunnensa a jikin itacen, ya ji wani ɗan motsi siriri a ciki, kamar mai a kasko daga nesa. Ya sauko ya ce da Graziella ta hau ta ji.

A watan nan ne suka iya kwashe ɗakinta na ƙasan gari. Littattafanta aka kai ɗakin karatu na makarantar da uban ya koyar. Tufafin, 'yan uwanta mata suka zaɓa, sauran aka kai coci. Takalman yawonta duk sun cinye ta dunduniya, ba mai iya sa su, Graziella ta ajiye ƙafa ɗaya a ƙarƙashin gado. Lemar aka ba wata abokiyar aikinta, kuma Ermanno kan hango ta tana hawa, ya tsaya har ta wuce. Rigar sanyin tana nan a bayan kujera. Giyar aka ɗura a ƙananan kwalabe, aka ba Tullio biyu, aka aika wa matar da ta riƙe lemar ɗaya, sauran ana buɗe guda duk ranar haihuwarta. Gutsattsarin simintin suna cikin aljihun teburinsa. Igiyoyin kuwa ba a sauke su ba, suna rataye a ƙusoshinsu, kuma Tullio ya ce in shekara biyar ta cika, za a iya zura sabon inabi a madaukan in an zaɓi mai siririn kara.