Ƙafar Yaya Mai Keke

Akwai wata tela a layinmu, kowa Yaya Mai Keke yake ce mata. Shagonta ɗan mitsitsi ne, keke ɗaya, benci ɗaya, ƙyallaye har kan taga. Matar nan ba ta iya taka keke shiru ba. Ƙafa na kaɗawa, baki na zuba baiti, yau a kan rufin shago mai yoyo, gobe a kan mazan da ke cewa tela ta matse musu wando alhali tumbi ne ya ƙaru.

Ƙanwarta, Auta, ita ke zama kan bencin tana sa maɓalli. Kunne gare ta kamar me. Abin da Yaya ta faɗa da safe, kafin la'asar ya zauna mata a ka. To akwai wani zaure bayan makaranta inda ake taruwa ran Asabar da yamma, kowa ya hau dandamali ya faɗi waƙarsa da baki, ba kiɗa, ba rerawa. Auta ta fara zuwa da baitocin Yaya. Ga tsawo, ga murya, ga iya juya ido. Tafi dai kamar rufi zai faɗo.

Da farko Yaya dariya ta yi. Sai masu kawo ɗinki suka fara leƙowa suna cewa, "Ina mai waƙar?" Su tsallake ta su gaisa da Auta. Wata ma cewa ta yi, "Yaya, ɗan tsayar da keken mana, ƙanwarki za ta yi mana na tumbi." Ranar allura ta sha karyewa.

Da suka watse Yaya ta ce, "Ke Auta, baitin tumbin nan na waye?"

"Namu ne mana, Yaya."

"Namu? Tare muka yi naƙudarsa? Ke da ko maɓalli a karkace kike sa shi!"

"To ki je ki faɗa da bakinki, wa ya riƙe ki?"

Ai kuwa ta je. Ta ɗinka wa kanta sabuwar riga, ta hau dandamali, ta buɗe baki. Shiru. Ashe baitinta ba ya fitowa sai ƙafa na kan keke. Ƙafar nan ta dinga laluben ƙasa, ba abin takawa. Aka fara ƙus-ƙus. Wani daga baya ya ce, "Baba, ko a kawo ruwa?"

Auta na bencin gaba. Sai ta soma buga dunduniyar takalminta a siminti, ƙat-ƙat-ƙat, daidai tafiyar keken. Ƙafar Yaya ta kama, baki ya buɗe. Ta yi na rufi, ta yi na tumbi, har wani mai tumbin ya tashi ya fita ana ta dariya.

Tana saukowa, zuciya fari tas, wata mata ta kama hannunta. "Kai, sannu! Kin iya kwaikwayon ƙanwarki, har inda take numfasawa. Ki ci gaba da koyo wajenta."

Yaya ta juya ta dubi Auta, tana jira. Auta ta ji sarai. Ta kalli mutanen da suka kewaye ta, sai ta yi murmushi kawai.

Tun daga ranar, in Yaya za ta hau keke sai ta cika baki da fil ɗin maƙale yadi, ta damƙe leɓe. Auta ta kasa kunne, ba ta jin komai sai ƙarar ƙarfe. Ta yi ta maimaita tsofaffin baitoci a zauren har aka gaji aka daina kiranta.

Haka suka tsufa a shagon nan. Wani lokaci sai ka ga ƙafar Yaya ta ƙara sauri, idonta na ƙyalli, ka san sabon baiti ya sauka. Auta ta ce, "Yaya, don Allah, ko guda ɗaya."

Sai Yaya ta turo mata gwangwanin maɓalli.