Ramuka Biyar a Kafet ɗin Kawu Mamman

Duk wanda ya taɓa zama a falon Kawu Mamman a garin McLeansville na Amurka ya san ba a tashi a tafi haka kawai. Kana miƙewa, tun ba ka kai ga takalminka ba, zai kama kujerar da ka zauna a kai ya matsar da ita kamar taƙi ɗaya, ya durƙusa ya duba inda ƙafafunta suka danne kafet. In ya ga rami, to sallamarka ta tsaya, sai ya gama jinyar wurin zai raka ka mota. Ni ɗan ƙanwarsa ne, shekara uku na yi a gidansa ina karatun digirin dakta, kuma har yau in na tashi daga kujera a gidan mutane sai in ji hannuna yana son janta.

Kayan aikinsa biyu ne: ƙanƙara da cokali mai yatsu. Ya ɗora ƙanƙara a ramin ta narke, gashin kafet ya sha ruwa ya kumbura, sai ya bi shi da cokalin yana tajewa a hankali. Saboda haka ƙanƙarar firizarsa ba ta sha ba ce. Wata rana ana tsananin zafin Yuli, abokinsa Alhaji Bashir ya buɗe firiza ya zuba guda huɗu a zoɓonsa. Kawu ya bi kofin da ido har Alhaji ya shanye.

"Ya yi sanyi?" in ji Kawu.

"Sosai kuwa, Mamman."

"Madalla. To ka sha maganin ƙafar tebur, yau da raminta za ta kwana."

Cokalin kuwa a aljihun gaban rigarsa yake zama, inda mutane suke saka biro. Ku da kuke zaune a nan, kun tuna walimar gidan likitan nan a unguwar Irving Park? Aka janye babban teburi don a yi sahun Magariba, sai ga ramuka shida reras. Liman ya ce a daidaita sahu, aka duba babu Kawu. Yana can ƙasa da babbar rigarsa yana tajar kafet ɗin mutane! Matar gidan ta leƙo, ta rasa inda za ta sa kanta.

"Baba, don Allah ka bari, masu aiki za su zo Litinin."

"Hajiya, kafin Litinin gashin kafet ɗin ya mutu. Akwai ƙanƙara?"

Ni da nake bayansa sai da na yi kamar ban san shi ba. Da na san kunyar da ke jirana a gaba, da wannan ba ta dame ni ba.

Watan farko da zuwana na je wani shagon tsofaffin kaya a titin Wendover na sayo kujerar ofis mai tayoyi, don bayana ya gaji da kujerar kicin. Kawu ya tare ni a bakin ƙofa, ya kifa kujerar, ya murza tayoyin ɗaya bayan ɗaya.

"Dakta," haka yake kirana tun ban rubuta ko shafi ɗaya ba, "karatu ka zo ko tuƙi?"

Ya ce in sayi shimfiɗar robar nan da ake sawa a ƙarƙashi. Na ce to, gobe. Goben nan ta kai wata huɗu. Kullum ina gurgurawa daga tebur zuwa kantar littattafai, in dawo, in juya, ina jin kaina wani babban malami. Ranar da na ja kujerar zan yi shara, sai ga ɓarna. Kafet ya kwanta ya yi sumul kamar hanyar da shanu suke bi zuwa rafi. Na yi ta gogawa da ƙafa, ko gezau. Sai na ɗauko daddumata na shimfiɗa a kai, na ce Allah ya rufa asiri.

Kwana biyu asirin ya yi. Kawu ya leƙo zai tambaye ni makullin mota, ya tsaya yana kallon daddumar.

"Dakta, tun yaushe alƙibla ta koma ƙarƙashin tebur?"

Ya ɗaga ta da yatsa biyu. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Sai kawai ya kifa kujerar, ya cire tayoyin nan duka, ya zuba su a aljihu. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Ran da ka gama digirin ka zo ka karɓa." Haka na ci gaba da karatu a kan kujerar da ta zama turmi.

Abin ya tsaya mini a rai, na ce sai na wanke kaina. Na koyi ƙanƙarar, na koyi cokalin, har na ƙaro da dabarar da na gani a waya: ka jiƙa tawul ka shimfiɗa, ka ɗora dutsen guga mai zafi, tururi ya tayar da gashin. Mako guda ina fama, ɗakina ya dawo kamar sabo. Daga nan girman kai ya shige ni.

Wata Juma'a Kawu ya ce daga masallaci zai wuce duba mara lafiya. Na ɗauki kayan aikina na bi gidan ɗaki ɗaki, har na tura ƙofar ɗakinsa, wanda ban taɓa shiga ba. Can kusa da taga, a bayan daddumarsa, sai ga ramuka biyar a zagaye, masu zurfi, kana gani ka san tayoyin kujera ne. Na yi dariya ni kaɗai. Ashe shi ma Sarkin Kafet yana da nasa abin ɓoyewa! Na zage na yi musu aiki, tawul da tururi, ƙanƙara, cokali, na sake maimaitawa. Sun yi taurin kai, amma kafin La'asar ko alamarsu babu. Na koma falo na harɗe ina jiran yabo.

Ya dawo, ya yi alwala, ya shiga. Na kasa kunne, ban ji kabbara ba. Can ya fito babu hula.

"Wa ya shigar mini ɗaki?"

"Ni ne, Kawu. Na ga wasu ramuka sun gagare ka, na gyara maka."

Ya zauna a hannun kujera, abin da yake hana kowa yi.

"Ba gagara ta suka yi ba," ya ce. "Na Rabi ne."

Anti Rabi matarsa ce, ta rasu shekara guda kafin in zo. Ya ce da gwiwoyinta suka ƙi, ta daina iya sujada, sai ta karɓe tsohuwar kujerar ofishinsa tana salla a zaune. Shekara shida tana binsa salla a wannan wurin, sau biyar a rana, ba ta yarda a matsar da kujerar ba don kada ta kauce wa alƙibla. Da ta rasu ya bayar da kujerar, ya bar ramukan.

"In na idar na juyo, su nake gani."

Na ce zan mayar da tayoyin kujerata in danna wurin har su dawo. Kai, jin wautar maganar ma yanzu sai in ji kamar in nutse.

"Kai za ka zauna shekara shida?" ya ce.

Ya tashi ya koma ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin, ya daɗe yana duban wurin. Sai na ji ya ce, "Aikin dai ya yi kyau, ba zan yi maka ƙarya ba. Ko ni ban iya wannan na tururin ba." Ya naɗe daddumarsa ya fito da ita falo, ya ta da La'asar.

Daga ranar bai ƙara salla a ɗakin nan ba. Alhaji Bashir, kai da kake tsokanarsa kana cewa tsufa ya sa ya mayar da falo masallaci don kusa da kicin, yana dariya yana ce maka ƙamshin miya ke ƙara masa khushu'i, to yau ka ji dalili. Ina zaune a wurin duk lokacin da kuke wannan raha, ina taya ku dariya, bai taɓa ko kallona ba balle ya tona ni. Ni kuma sau nawa ina shirya bakina in ce Kawu ka yafe mini, sai in ga yana ba ni labarin wani abu daban, in ce bari sai gobe. Har aka kira ni daga asibiti aka ce ya cika, ban faɗa ba.

Allah ka jiƙan Kawu Mamman, ka yafe masa kamar yadda ya rufa mini asiri. Ka jiƙan Anti Rabi, ka karɓi sallolin da ta yi a zaune. Ya Allah ka sada su, in ya juyo ita zai gani. Amin.