Mu'minatu a Bayan Labule

Mu'minatu zabiya ce, ita kaɗai ce haka a gidansu a Unguwar Lalle. Tun tana ƙarama ba ta shiri da rana. In ta kai abinci gona da hantsi, kafin la'asar wuyanta ya yi ja ya ɗuri ruwa. Shi ya sa ta koyi sana'ar inuwa, saƙar tabarmar kaba. Da 'yan bindiga suka tashe su suka koma Sabon Birni, da saƙar ta riƙa ci da kanta, don mijinta ya riga ya rasu.

Sai wani ciwo ya fara mata a ƙasan kunne, ɗan ɓawo da ya ƙi warkewa. Ƙaninta Muntaka, mai kai kaya Maraɗi, ya kai ta asibiti a Sakkwato, aka ce dajin fata ne. Wata ƙungiya mai taimakon zabiyoyi ta tambaye ta ko za ta yarda a gwada mata sabon magani a wata ƙasa mai nisa. Ta ce za ta.

A can ta tarar da wata likita Bahaushiya, Jamilatu, ita ta yi mata bayani.

"Inna, cikin allurar nan akwai wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani. Za su bi jini su taru inda ciwon yake, su nuna mana shi a allon na'ura. Sannan mu haska musu jan haske, su kashe ciwon, su bar naman da ke lafiya."

"Ɗiyata, ai haske ya yi mini wanga," in ji Mu'minatu.

"Wannan daban ne, Inna. Mu ke riƙe da shi."

Aka kashe fitilun ɗakin. A allon ta ga wuyanta baƙi ƙirin, da wani abu kore yana ƙyalli a ciki kamar idon kyanwa. Sai ga wani ɗigo kuma can ƙasa, kusa da ƙirji, inda ba ta taɓa jin ciwo ba. Jamilatu ta riƙe hannunta ta ce wannan ma za a haska shi. Aka haska duka biyun.

Da za ta dawo aka ja mata kunne: kada rana ta taɓa ta sai ragowar maganin ya fita daga jikinta, in ba haka ba fatarta za ta ƙone. Muntaka ya toshe tagar ɗakinta da buhuna, ya rataya bargo a ƙofa. Ranar da ta iso, a lulluɓe aka shigar da ita, ko yatsanta ba a gani. Maƙwabta suka tsaya jiran a kira sallar jana'iza. Ba a kira ba.

Muntaka ya ji labarin allon daga bakinta, ya ba da shi a kasuwa, cikin murna. Kafin labarin ya kai bakin rijiya ya zama wai jikinta ke haske. Mata masu zuwa gaisuwa suka riƙa tsayawa nesa da bargon. Muryar da ke amsa musu ta dishe saboda kumburin wuya, ba ta yi kama da wadda suka sani ba. Ga shi kuma ana ta ganin sabbin tabarmi a bakin ƙofa, saƙa tsaf, daga ɗakin da ko ashana ba a ƙyastawa. Da lalube take yi, amma ba wanda ya saya.

Ita kanta abin ya fara shigarta. Rana tsaka, tana jin kukan awaki a waje, sai ta ɗaga tafin hannunta cikin duhu ta zuba masa ido. Wata rana ta ga koren ɗigo a kusurwar ɗaki. Ta runtse ido, yana nan. Ta buɗe, yana nan. Ba ta gaya wa kowa ba.

Daga ƙarshe matan unguwa suka roƙi Habi, tsohuwar da ke wankan gawar mata, ta shiga ta gano musu ko tana raye. Habi ta yi sallama ta ɗaga bargon.

"Mu'minatu, ina ƙafarki?"

"Ga ta nan, Goggo."

Hannu mai sanyi ya kama yatsun ƙafarta, ya hau zuwa wuyan hannu, ya tsaya can ya daɗe.

"Goggo, mi kika ji?"

"Yana bugawa," in ji Habi. Ta saki, ta fita.

A tsakar gida ta ce wa matan Mu'minatu na nan da ranta. Wata ta tambaye ta ko gaskiya ne tana haske.

"Ban sani ba," in ji Habi. "Idona a rufe na shiga."

Mu'minatu ta fito cikin damina, ranar da hadari ya rufe gari. Ciwon ya bushe ya bar tabo. Muryarta ba ta koma yadda take ba. Tana nan a Sabon Birni tana saƙarta, Muntaka na kai tabarmin garin Isa da Maraɗi, inda ba a san wadda ta saƙa su ba.