Askar Ba Umara

Duk Diffa babu wanzami mai cika baki kamar Ba Umara. Ni zan faɗa, don shekara tara yana murɗa mini wuya a gindin itacen bedi, bakin kasuwar tattasai. Ka ce "wayyo", ya ce kanka ne mai gargada.

Lokacin gudun hijira, da ya tsallako kogin Komadugu zuwa Asaga, ko takalmi bai ɗauko ba. Askar ubansa kawai ya ciza a haƙori ya faɗa ruwa. Da ita yake aski, da ita yake tsaga in zai yi ƙaho, ita ke taɓa kan jariri ran suna. In ya gama da mutum, ya goge ta a tafin hannu, sai na gaba. Reza kuwa, cewa yake kayan ragwaye ce.

Bara 'yarsa Zulaihat ta zubar da jini wurin haihuwa, aka nemi nasa. Wanzami ba ya son jarfa! Mutumin da ya tsaga rabin gari, yana ganin allura ya rintse ido yana salati. Na yi dariya har da hawaye, Allah ya yafe mini. Da sakamako ya fito, majo Maina, malamin asibiti, ya ja mu gefe.

"Baba, jininka ba zai yi ba. Akwai ciwon hanta, wanda ake kira B."

"Ni? Ko ciwon shawara ban taɓa yi ba!"

"Yakan zauna shiru shekaru. Ta jini yake bi: aska, allura, ko daga uwa zuwa ɗa wurin haihuwa, ko ta shimfiɗar aure. Cin tuwo a kwano ɗaya ba ya kawo shi, haka musabaha."

Ba Umara ya dubi tafin hannunsa, duk tabon yanka. Ya ce a hankali, "To, kawuna nawa ke nan?" Wallahi na ji tausayinsa, na kuma ji tsoro, don nawa kan yana cikin lissafin. Washegari na je aka auna ni.

Wani ya ba Zulaihat jini ta tashi, aka yi wa yaron rigakafi. Saura askin suna. Jikansa na fari ne, kuma kowa a zuriyarsu da askar nan aka buɗe masa kai. Tsofaffi sun zauna suna jira. Ba Umara ya wanke hannu, ya buɗe zabira, ya ɓare reza sabuwa fil. Wata gwaggo ta ce, "Af, yau kuma kayan ragwaye?" Ya sunkuya ya aske kan jikansa da ita.

Har yau kowace safiya yana wasa askar ya mayar cikin zabira, aski kuwa sai da reza. Na ce, "Ba Umara, wahalar me kake yi?"

Ya ce, "Tare muka haye ruwa, ba zan bar ta ta yi tsatsa ba. Amma kan jikana, sai dai ta gan shi daga nesa. Sunkuya, mai kan gargada."